Maigidana Yana Wayar Gari Ƙafafunsa a Mace, Zuwa La'asar Ya Miƙe

Anti Likita, assalamu alaikum. Ina zaune a Agege da maigidana da yaranmu biyu. Shekarunsa 33, harkar tumatir da attaruhu yake yi a kasuwar Mile 12. Sau uku ke nan cikin wata biyu yana farkawa da asuba ya kasa tashi. Ranar farko ji na yi yana cewa, "Maman Hanan, zo ki ɗaga ni, ƙafafuna sun ƙi." Bakinsa bai karkace ba, maganarsa ras, in na mintsine shi yana ji, amma ko yatsan ƙafa ba ya iya motsawa. Kafin la'asar ya miƙe kamar ba shi ba. A na biyu mai kemis ya zo gida ya sa masa ruwa, maimakon sauƙi sai abin ya hau har hannuwa. A na uku abokansa suka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka ce wani sinadari wai shi fotasiyam ya sauka a jininsa zuwa 2.1. Suka ƙara masa, ya tashi, aka sallame mu aka ce ya riƙa cin ayaba. Maƙwabciyata kuma ta ce in riƙa jiƙa masa kanwa, wai ai ita ce fotasiyam ɗin.

Ya rame, alhali ci yake kamar gara. Gumi ko da fanka, ga saurin fushi da ban san shi da shi ba. In ya dawo da dare sai ya tashi da rabin burodi da taliya, ya kora da lemon kwalba biyu. Hajiya mahaifiyarsa ta ce cutar da ke zuwa da dare ta tafi da rana ba ta asibiti ba ce, a kawo mata ɗanta Funtuwa, kuma a binciki na kusa da shi. Na san da ni take. Yaya zan yi?

Maman Hanan, Agege, Legas

Wa alaikumus salam, Maman Hanan. Bari in fara da abin da ba zai jira ƙarshen shafi ba. Kada ki ba shi kanwa. Suna ne ya ruɗi maƙwabciyarki, don ta ji 'yan kasuwa na kiran kanwa fotash da Turanci. Kanwar da muke jefawa a wake da miyar kuka galibinta gishirin sodiyam ne, fotasiyam ɗin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Ƙari a kan haka tana kashe tsamin jini, kuma duk abin da ya yi hakan ƙara saukar da fotasiyam yake yi. In ta yi yawa ta sa shi gudawa, sauran ma ya bi ta bayan gida. Abu na biyu, kada wani ya sake rataya masa ruwa a ƙusar ɗakinku, ko wane ne shi. Zan faɗa miki dalili.

Asibitin da kuka je sun yi rabin aiki, kuma rabin nan ya ceci ransa, a gode musu. Fotasiyam a jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0. Duk abin da ya yi ƙasa da 2.5 muna ɗaukarsa na gaggawa, ba don ƙafa ba, don zuciya. Ita ma zuciya tsoka ce, kuma in fotasiyam ya yi ƙasa sosai bugunta na iya rikicewa ta tsaya cak. Rabin da ba su yi ba shi ne tambayar da ta fi kowacce: ina fotasiyam ɗin ya tafi? Ruwa ba ya tsami banza. Magidanci mai cin abinci sau uku a rana ba ya wayar gari da 2.1 don bai ci ayaba ba.

Ki ɗauki misali da sana'ar maigidanki. A ce yana da kwando 100 na tumatir, 98 suna kulle a cikin rumfa, biyu kacal ya fito da su bakin hanya. Haka jiki ke ajiye fotasiyam: kusan kashi 98 cikin 100 yana cikin ƙwayoyin halitta, musamman na tsoka, ɗan ragowar ne ke yawo a jini. Mai gwajin jini kwandunan bakin hanya kaɗai yake ƙirgawa. In ya zo ya tarar da ɗaya maimakon biyu, ɗayan abu biyu ne ya faru. Ko dai kaya sun fita daga kasuwar gaba ɗaya, wato jiki ya zubar da fotasiyam ta amai, ko gudawa, ko fitsari. Ko kuwa ba abin da ya ɓata, wani ne ya kinkimi kwandon ya mayar cikin rumfa ya rufe. Mai kinkimar nan wani ɗan famfo ne da ke jikin bangon kowace ƙwayar halitta, yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, dare da rana. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Jens Skou, shi ya gano shi a 1957 a jijiyar ƙaguwa, aka ba shi kyautar Nobel a kansa a 1997. In famfon ya haukace ya kwashe fotasiyam ɗin jini cikin 'yan sa'o'i, tsoka takan daina amsa kiran jijiya. Mutum yana ji, yana gani, yana so ya ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi. Da fotasiyam ya fara komowa jini sai ƙarfi ya dawo, ko an yi magani ko ba a yi ba.

Ban ga maigidanki ba, kuma ba a yanke wa mutum cuta ta takarda. Amma wasiƙarki ta sa ni zato mai ƙarfi, kuma layin da kika rubuta kamar ba shi da muhimmanci ne ya sa ni: rama ga ci, gumi ga fanka, da fushi. A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata halitta mai suna tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci. In ta yi aiki fiye da kima sai komai na jiki ya kama gudu: zuciya, hanji, zufa, har hali. Kuma sinadarin da take fitarwa yana ƙara yawan wancan famfo da ƙarfinsa. Abu na biyu da ke zuga famfon shi ne insulin, wanda jiki ke kwararowa bayan an ci abinci mai sitaci da suga. Na uku shi ne sinadarin tashin hankali da ke fita lokacin aikin ƙarfi. To, ki haɗa su a mutum ɗaya: ya wuni yana tsallake kwanduna da kai-kawo tsakanin motoci, ya dawo ya ɗora burodin Agege a kan taliya, ya bi da lemo biyu, ya kwanta. Zuwa asuba an kwashe kayan bakin hanya tas.

Wannan cuta sananniya ce, shanyewar jiki mai zuwa ta tafi saboda tayirod. Abin mamakinta shi ne, mata sun fi maza samun ciwon tayirod nesa ba kusa ba, amma wannan shanyewar kusan ta maza ce zalla, masu shekara 20 zuwa 40. Takan faɗo cikin dare ko da asuba, ta fi kama cinyoyi da ƙugu kafin hannuwa, ba ta taɓa hankali, ba ta ɗauke ji, kuma takan saki cikin 'yan sa'o'i, in ta yi tsanani kwana biyu zuwa uku. An fi saninta a Sin da Japan, inda kamar mutum biyu cikin 100 masu tayirod mai gudu ke samunta, shi ya sa likitocinmu ba su cika kawo ta a rai da wuri ba. Amma an rubuta labarinta a baƙar fata, a Afirka da wajenta. Kuma sau da yawa ba a ganin wani maƙoƙo a wuya, don haka kada ki duba wuyansa ki ce ai ba komai.

Yau da dare ki yi abu biyu da ba sa bukatar ko sisi. Ki sa ya miƙe hannuwansa gaba, yatsu a buɗe, ki ɗora masa fallen takarda a bayan hannu. In takardar na karkarwa kamar ganye a iska, ki riƙe wannan. Sannan in barci ya ɗauke shi, ki sa yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ki ƙirga bugun na minti ɗaya da agogon waya. Magidanci mai aikin ƙarfi da ke barci bai kamata ya doshi 100 ba. Ki rubuta abin da kika samu.

Yanzu ruwan mai kemis. Yawancin ruwan da ake rataya wa mutane a gida don "ƙarin ƙarfi" ruwan suga ne. Suga ya shiga jini kai tsaye, insulin ya taso, famfo ya ƙara kwasa. Abin da kika gani da idonki, shanyewa ta tashi daga ƙafa ta hau hannu, shi ne daidai abin da littafi ya ce zai faru. Na taɓa karɓar wani matashi mai faci a ɗakin gaggawa, 'yan'uwansa sun ɗauko shi a kan tabarma kamar buhu, ledar ruwan tana hannun ƙaninsa a sama har yanzu tana ɗiga. Abin farko da muka yi shi ne murɗe ta. Ƙanin ya yi ta hararata, don a ganinsa na cire wa yayansa magani. In kuma an haɗa da allurar nan ta dangin "sha ka fashe" da wasu ke zurarawa a cikin ruwan, ita ma an san tana tayar da irin wannan shanyewar.

Ayaba ba laifi, ya ci. Matsakaiciya ɗaya tana da kamar miligiram 400 na fotasiyam, babba kuwa yana bukatar wajen 3,500 a rana, kuma wake, alayyafo, dankali, dabino da tumatirin da yake sayarwa duk suna da shi. Sai dai in zatona ya yi daidai, jikin maigidanki ba rashin fotasiyam yake ba, ɓoye shi ake yi, kuma nonon ayaba guda ba zai hana a ɓoye ba. Wannan ne ma ya sa nake gargaɗinki da ƙwayar fotasiyam ta Slow-K da ire-irenta. Kada ku saya ku ajiye kuna sha da ka. Ko a asibiti kaɗan-kaɗan ake bayarwa ana maimaita gwaji, domin in rumfa ta buɗe kayan ciki suka fito suka haɗu da wanda aka ƙara, fotasiyam ya haura sama, shi ma yana tsayar da zuciya. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Duk da haka ba zan bar ki da zato ɗaya ba, don likitan kirki zai yi muku wasu tambayoyi, gara ki je da amsa. Ki duba aljihunsa, ki tambayi abokan rumfarsa abin da yake sha a kasuwa. Mazan Legas ba sa faɗa wa matansu wannan. Akwai jiƙe-jiƙen gora na basir da ƙarfin jiki da ake tallarsu a kowace tasha, akwai filasko da sauran masu wankin ciki, akwai shayin rage tumbi, wanda yawancinsa maganin gudawa ne aka sa wa kwali mai kyau. Duk mai yawan wanke ciki fotasiyam yake wankewa. Akwai ƙwayar sa fitsari irin su Lasix da wasu magungunan hawan jini, waɗanda su ne kan gaba wajen zubar da shi ta ƙoda. Akwai Ventolin na masu asma in aka wuce kima. Shi kansa lemon kwalba mai launin baƙi ba a bar shi a baya ba: a 2009 wasu likitoci a jami'ar Ioannina ta ƙasar Girka sun tattara labaran mutanen da tsokarsu ta mutu saboda shan lita biyu zuwa tara a kullum. Kwalba biyu ba ta kai nan ba, amma ki tambaya nawa yake sha da rana, da gwangwani nawa na lemon ƙara kuzari, don sinadarin hana barcin da ke cikinsu shi ma yana tura fotasiyam cikin tsoka.

Akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, Turawa kuma likoris, wadda Misirawa ke jiƙawa da azumi kuma ake sa ta a shayin ganye da haɗe-haɗen maganin tari da ulsa, tana sa ƙoda ta riƙe gishiri ta watsar da fotasiyam, jini ya hau. A 2020 likitoci a Amurka sun ba da labarin wani magini mai shekara 54 a jihar Masacusets da zuciyarsa ta tsaya saboda cin alawar likoris leda ɗaya da rabi kullum na 'yan makonni. Farar ƙasar da masu ciki ke ɗanɗana, wadda a kasuwannin Legas ake sayarwa da sunan nzu, tana kama fotasiyam a hanji ta fita da shi, kuma an sha kwantar da mata a kanta. Sholisho da yara ke shaƙa yana lalata yadda ƙoda ke fitar da tsami, fotasiyam ya bi fitsari, yaro ya faɗi sharaf. Tunda kun fito daga garin auduga, ga wani: ɗanyen man angurya da ba a tace ba yana da wani sinadari da aka gwada a Sin a shekarun 1970 a matsayin maganin tsarin iyali na maza, kuma ɗaya daga cikin abin da ya kawo masa cikas shi ne wasu mazan sun riƙa shanyewa saboda saukar fotasiyam. Tataccen mai na kamfani ba ya cikin wannan magana.

Sauran kuma na cikin jiki ne, gwaji ke fito da su. In jininsa na hawa ga fotasiyam na sauka, sai a duba wata 'yar halitta da ke zaune a kan ƙoda, wadda wani likitan Amurka, Jerome Conn, ya bayyana cutarta a tsakiyar shekarun 1950. Akwai ƙodar da aka haifa tana yoyon gishiri, akwai wadda ke kasa fitar da tsami, wannan ta fi zuwa wa mata masu bushewar ido da baki. Akwai kuma ƙarancin wani sinadarin jiki mai suna maganiziyam, wanda in ba a gyara shi ba ko nawa aka zuba fotasiyam ba ya zama.

Na bar guda ɗaya da gangan, domin ita ce ƙofarki ta shiga wurin Hajiya. Akwai irin wannan shanyewar da ake gada, iri ɗaya sak da ta tayirod in ana kallo, tana bin jini daga uwa ko uba. Ba ta da yawa, kamar mutum ɗaya cikin 100,000, kuma galibi takan fara kafin shekara 20, don haka fara ta a 33 ya sa ban karkata gare ta ba. Amma dole likita ya tambaya, kuma duk duniya ba mai amsar sai Hajiya. Ko mahaifinsa, ko wani kawu, ko kaka ya taɓa kwana lafiya ya tashi a shanye ya warke da kansa? Shi kansa yana yaro ya taɓa yi bayan ƙwallo ko aikin gona?

Maganar "a binciki na kusa da shi" ta yi miki zafi, kuma tana da zafi. Amma ki tsaya a inda Hajiya take ki duba. Tana Funtuwa, ɗanta yana wata uwa duniya, ana bugo mata waya cewa ya shanye da asuba ya miƙe da la'asar. Shanyewar da ta sani iri biyu ce: ta ɓarin jiki da ke karkata baki ta zauna, da shan inna da ke kama yara ta bar su da ita har girma. Dannau kuma minti kaɗan ne ya saki. Wannan ba ta yi kama da ko ɗaya ba, to ina hankalinta zai tafi in ba ga iska da sammu ba? Kuma ki shirya wa wannan: tunda cutar da kanta take saki, duk wanda ya yi tofi ko ya kawo rubutu a ƙarshe, faɗuwa ce za ta zo daidai da zama, a ce shi ya warkar. Ba na faɗa da addu'a, ni ma da ita nake fita gida. A yi ruƙiyya, a yi sadaka. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma neman sunan cutar yana cikin neman maganin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, musamman mai sa amai ko gudawa wai don a fitar da sammu. Ga mai fotasiyam 2.1 wannan na iya zama ajali.

Kada ke ki yi gardamar nan da Hajiya. Ba za ki ci ba, ko kin ci kin faɗi. Baban Hanan ne zai kira mahaifiyarsa, ranar da yake tsaye da ƙafafunsa, ya ce mata, "Hajiya, an ga wani abu a jinina, saura gwaji ɗaya, ki ba ni mako biyu in kammala in zo da takardun, kuma likita ya ce in tambaye ki tarihin gidanmu." In akwai yayansa ko wani dattijo ɗan garinsu da Hajiya ke jin maganarsa a nan Agege, ya raka ku asibiti ya ji da kunnensa, shi zai isar da saƙon fiye da ke. Ke kuma ki ci gaba da gaishe ta kamar ba ki ji komai ba, ki riƙa sanar da ita ranar zuwa asibiti tun kafin a je, kina roƙon addu'arta. Ba cewa na yi kada ya je gida ba. Amma tsakanin Legas da Funtuwa tafiya ce ta kusan kilomita 900 ko fiye, a zaune wuri ɗaya, abincin hanya kuma burodi ne da lemo. Ki yi tunanin abin ya faɗo masa tsakar dare a dajin da ke tsakanin Jebba da Mokwa. A fara magani tukuna, sannan ya je ta gan shi.

Gwajin da za ku nema sunansa gwajin tayirod, a takarda za ki ga an rubuta TSH da T4 da T3. Ana iya yinsa ko yana lafiya ƙalau, ba sai ya faɗi ba, kuma yawancin manyan ɗakunan gwaji a Ikeja da kewaye suna yi. Ku tambayi farashi wuri biyu ko uku, don yana bambanta. Ku koma inda aka kwantar da shi ku karɓi kwafin sakamakon nan na 2.1 da takardar turawa zuwa likitan suga da maƙoƙo, ɓangare ɗaya ne ke duba su. Akwai su a asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja, wanda ya fi kusa da ku, akwai kuma a na Idi-Araba. A auna hawan jininsa, a duba ƙoda da maganiziyam. In an sake gwada fotasiyam aka ga ya dawo 4.0, kada wani ya ce muku ai ƙarya ce ko an yi kuskure a na farko. Haka cutar take, tsakanin faɗuwa da faɗuwa jini lafiya lau yake nunawa. In ba ku da inshorar lafiya, ku tambayi yadda ake shiga Ilera Eko ta gwamnatin jiha, don zuwa asibitin ba na rana ɗaya ba ne.

In tayirod ce, ki gode wa Allah, don tana cikin masu magani. Akwai ƙwayar da ke rage mata gudu, irin su Neo-Mercazole, ana shan ta kamar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wasu kuma sai an kai ga maganin ayodin na musamman ko tiyata. Kafin ta fara aiki, wanda kan ɗauki makonni, likita kan haɗa da Inderal, mai kwantar da bugun zuciya da rage wa famfon nan zafi, sai dai ba a ba mai asma. Da tayirod ta daidaita shanyewar takan ɗauke gaba ɗaya, nama ya dawo, fushin ma ki neme shi ki rasa. Gargaɗi ɗaya game da ƙwayar farko, wato Neo-Mercazole: in yana shan ta ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakata da ita a ranar ya je a duba jininsa, kada a ce maleriya ce a wuce kemis. Kuma kada ya bar magani don ya ji garau, nan ne maza ke faɗuwa.

Kafin nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku yi magana da mai mota ko mai Keke ɗaya a layinku wanda zai ɗauki waya ƙarfe huɗu na asuba, kuma ki ajiye 112 da 767, lambobin gaggawa na Legas. In ya sake faɗuwa, asibiti mai ɗakin gwaji da na'urar ECG mai duba bugun zuciya za ku nufa, ba jiran la'asar. Ki miƙa musu tsohon sakamakon, ki ce a ɗebi jini da fitsari kafin a sa masa komai, don fitsarin lokacin ne ke nuna ko ƙoda ce ke zubarwa ko ɓoyewa ake yi, kuma ki faɗa da bakinki cewa ruwan suga ya taɓa ƙara masa ciwon. In kika ga numfashi na yi masa wuya, ko ya ce ƙirjinsa na dukan tara-tara, ko yana neman suma, ko mayafi kada ki tsaya nema. In kuwa wata rana abin ya zo da wata kama, ɓari ɗaya kawai, ko baki ya karkace, ko ƙafa ta daina ji, ko fitsari ya ƙi fita, to wannan wata cuta ce daban, ita ma ta gaggawa.

Abincin dare kuma yana hannunki. Ki raba masa shi biyu, ya ci wani da la'asar a kasuwa don kada ya dawo da yunwar da za ta sa shi cinye burodi guda. Da dare ki ba shi wake ko alale, kifi ko ƙwai, miyar ganye da ɗan tuwo daidai, gishiri kaɗan, ruwa a maimakon lemo. Ranar da motoci suka shigo da yawa ya bar wa yara ɗaukar kwando, ya tsaya a lissafi. In azumi ya riske ku kafin tayirod ta daidaita, ku tambayi likitansa da malami tun da wuri, domin buɗa-baki da kunu mai suga da soye-soye a kan cikin da ya wuni ba komai yana cikin abin da ke tayar da ita.

In sakamakon ya fito ki aiko mini da lambobin TSH da T4 yadda suke a takarda, da bugun da kika ƙirga yana barci, da abin da Hajiya ta ce game da kawunnansa.